Rami mai kilomita 91 ko zoben muwon: wa ke zaɓar wa masu binciken 'ya'yan zarra abin da za su gina?

Auwal Akanta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu fiziks ɗinmu, kuma ku yi mini uzuri, ni mutumin lissafin kuɗi ne. Na ji wai cibiyar CERN da ke Janiba tana son haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa mai zagayen kusan kilomita 91 don kafa injin gwara 'ya'yan zarra, kuma kashin farko kaɗai zai lashe faran na Suwizalan biliyan 15. Kuɗin bai tsaya mini a rai ba kamar lokacin. Wai kashi na biyu ba zai fara aiki ba sai wajen 2070. Wanda ya zana ya mutu, wanda ya sa hannu ya mutu, wanda ya biya haraji ya mutu. Wa ke yanke irin wannan hukunci, kuma da wane mudu yake awo?

Usman ɗan aji uku: Wa alaikumus salam Yaya Auwal. FCC ke nan ake nufi, sunan injin da za a sa a ramin. Zagayen nasa ya ɗan fi tafiyar Zariya zuwa Kaduna fa. Wanda ake aiki da shi yanzu, LHC, kilomita 27 ne, shi ya gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yulin 2012. Sauran bayanin na bar wa manya.

Dakta Bala: Wa alaikumus salam. Auwal, tambayarka ta fi ta ɗalibaina da yawa ma'ana. Ba mutum ɗaya ke yankewa ba. A Turai akwai tsarin da suke sabuntawa duk bayan 'yan shekaru: masana daga jami'o'i da cibiyoyi su rubuto shawarwari, a yi taro a yi ta cacar baki, kwamiti ya tace, sannan majalisar CERN, wadda wakilan gwamnatocin da ke biyan kuɗi ke zaune a cikinta, ta amince. A sabuntawar 2020 suka ce babban abin da za a sa gaba shi ne injin da zai riƙa gwara elektoron da kishiyarsa fositoron don a samar da ƙwayar Higgs da yawa a auna ta ciki da bai. Daga nan aka ba da umarnin a binciki yiwuwar ramin nan, rahoton ya fito ƙarshen Maris 2025. Ba a ce a haƙa ba tukuna, ana sa ran hukuncin wajen 2028. A Amurka kuma salon daban ne, amma muna da 'yarmu a can, ita ta fi ni sanin cikin tukunyar. Nafisa, kina kusa?

Nafisa: Ina nan Baba Dakta, yanzu na fito daga ɗakin gwaji, hannuna har yanzu sanyi ƙalau. Ina wuni Yaya Auwal.

A nan mataki biyu ne. Na farko ana ce masa Snowmass, sunan wani gari ne a jihar Kolorado inda aka saba yin taron a da. Shi wannan kowa da kowa ne, har mu ɗalibai. Kowa ya kawo burinsa, babu mai ce maka ina kuɗin. Na ƙarshe an rufe shi a Siyatil a Yulin 2022, takardu ɗaruruwa. Mataki na biyu shi ne kwamitin P5, mutum talatin da 'yan kai, Hitoshi Murayama na Jami'ar Kaliforniya a Bakili ya shugabance shi. Su kuma sai ma'aikatar makamashi ta miƙa musu lissafin kasafi iri biyu, ɗaya mai dama-dama, ɗaya na tsuke bakin aljihu, a ce to ga abin da ake da shi na shekara goma, ku jera mana abin da za a yi, ku kuma faɗi abin da za a bari idan kuɗin ya gaza. Wannan na ƙarshen shi ne wuƙar.

Ranar da rahoton ya fito a Disambar 2023 muna zaune mu kusan goma a wani ƙaramin ɗaki ana haska shi a bango. Babu wanda ya karanta gabatarwa. Kowa ya zarce kan jadawalin nan da ke nuna aiki kaza e, aiki kaza a'a, yana laluben sunan aikinsa kamar masu duba sakamakon jarrabawa a allon sanarwa. Wani dattijo a sashenmu, wanda ya shafe shekaru yana zana wata na'ura, ya sa yatsa ya bi layin har ƙarshe, ya ga ba ta samu shiga ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce mu je mu sha shayi. Tun daga ranar na daina ɗaukar maganar jera muhimmai a matsayin aikin takarda.

Auwal Akanta: Allah sarki. To ƙanwata, me suka ɗora a sama?

Nafisa: Da farko suka ce a gama abin da aka riga aka fara: ƙara wa LHC ƙarfin yawan karo, kashin farko na DUNE, wato gwajin ƙwayar da ake kira nutirino, da madubin hangen sama na Rubin a ƙasar Chile. Sababbi kuma suka jera su bi da bi. Na ɗaya CMB-S4, na'urorin auna hasken da ya saura tun farkon duniya. Na biyu kashi na biyu na DUNE. Na uku Amurka ta sa hannu a injin samar da Higgs da yawa da za a gina a wata ƙasa, ba a gida ba. Na huɗu babban tarkon ɓoyayyen abin nan da ya fi duk abin da muke gani yawa a sararin samaniya. Na biyar faɗaɗa IceCube, tarkon nutirino da ke cikin ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya. Sai kuma suka ce a zuba kuɗin bincike kan injin gwara muwon, da fatan wata rana a gina shi a cibiyar Fermilab kusa da Shikago.

Ni a DUNE nake. Za a harbo nutirino daga Fermilab ta cikin ƙasa, kilomita 1,300, wato ya fi nisan Kano zuwa Legas, zuwa wata tsohuwar mahaƙar zinariya a Dakota ta Kudu. Can ƙasa, zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, akwai tankuna da za a cika da ruwan argon mai sanyin 186 ƙasa da sifiri. Aikina gwada allunan lantarkin da za su zauna cikin wannan sanyi shekara da shekaru babu mai iya shiga ya gyara su.

Injiniya Kabiru: Ku dakata, ni nan ne wurina. Nafisa, na bi labarin haƙar kogunan nan naku, an gama a farkon 2024, dutse tan dubu 800 aka fitar ta tsohuwar rijiyar mahaƙa. Aiki ne na a yaba. Amma a faɗi gaskiya, kuɗin aikin ya haura dala biliyan 3, ya wuce abin da aka faɗa da farko nesa ba kusa ba, lokaci ma ya ja. Duk wanda ya taɓa aikin ƙarƙashin ƙasa ya san dutse ba ya karanta takardar kwangila. To idan kogo uku sun yi haka, ina ga rami mai kilomita 91, zurfin wajen mita 200, wanda zai bi ta ƙarƙashin tafkin Janiba, da wurare takwas da za a huda daga sama, bakwai a Faransa ɗaya a Suwizalan? Ko inda za a zuba ƙasar da aka haƙo rigima ce mai zaman kanta da manoman yankin. Biliyan 15 ɗin nan ni kuɗin sallama na ɗauke shi.

Dakta Bala: Injiniya ka tuna mini da abin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ina matashin malami lokacin da Amurka ke gina injin karo mai suna SSC a Teksas, kusa da wani gari Waksahaci. Zagaye kilomita 87, ƙarfin karonsa da ya kusa ninka na LHC sau uku. Mujallar da ke zuwa ɗakin karatunmu takan makara da wata uku ko huɗu, haka muke bin labarin kamar wasan kwaikwayon rediyo. An fara da maganar dala biliyan 4 da wani abu, aka wayi gari ana maganar sama da 10. A Oktoban 1993 majalisar dokokinsu ta yanke masa wuya, bayan an kashe kusan biliyan 2 an haƙa fiye da kilomita 20. Ni sai a farkon 1994 na gani, ina murna na buɗe mujalla in ga inda aka kwana, ashe an yi jana'iza tuni.

Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne, ba 'yan siyasa kaɗai suka kashe shi ba. Wasu manyan masana fiziks na wasu fannoni, irin su Philip Anderson, sun je gaban majalisa sun ce wannan aiki zai shanye ruwan kowa. Gida bai haɗa baki ba. Wannan tabon ne ya sa yanzu suke kulle kansu a ɗaki su yi faɗansu su gama, sannan su fito da murya ɗaya. P5 ɗin da Nafisa ke faɗa, rabinsa kimiyya ne, rabinsa tsoron maimaita Teksas.

Auwal Akanta: Dakta, na gode, amma har yanzu ba a taɓa inda ke mini ƙaiƙayi ba. In mutum ya zo wurina da takardar neman jari, tambayar farko ita ce me za a samu. Me wannan rami zai gano?

Dakta Bala: Ba wanda ya sani. Kuma duk wanda ya ce maka ya sani, riƙe aljihunka.

Auwal Akanta: To ai shi ke nan, sayen kifi a ruwa.

Dakta Bala: Bari in yi maka adalci, don maganarka tana da ƙafa. Lokacin da ake neman kuɗin LHC akwai tabbaci iri guda: lissafi ya nuna ko dai a ga ƙwayar Higgs, ko a ga wani abu da ke yin aikinta, don in babu ko ɗaya lissafin kansa zai watse a wannan matakin ƙarfi. Ko ta ina aka faɗi an ci riba. An ga Higgs, Peter Higgs da François Englert suka karɓi kyautar Nobel a 2013. Amma da yawa sun sa rai za a ga wasu sababbin ƙwayoyi a bayanta, tagwayen waɗanda muka sani, har an raɗa musu suna tun ba a haife su ba. Shekara goma sha wani abu ana nema, shiru. Yanzu babu wani lissafi da ya ce lallai akwai abu a gaba kaɗan. Tambayoyin dai suna nan daram: me ya sa nutirino ke da nauyi, mene ne ɓoyayyen abin da ya riƙe taurari, me ya sa duniya ta cika da abu amma kishiyarsa ta ɓace. Sai dai ba mu san ko amsar tana bayan ƙofa ba ce ko tana bayan dutse bakwai.

Usman ɗan aji uku: Malam, ai kamar dashen dabino ne, kaka ya dasa jika ya ci.

Auwal Akanta: Ƙanena, mai dasa dabino ya san dabino zai fito. Nan fa an ce maka ba a san ko itacen zai yi 'ya'ya ba.

Nafisa: Yaya Auwal ka ci wannan. Amma akwai gyara kaɗan. Kashin farko na FCC ba farautar sabuwar ƙwaya ba ne kai tsaye, awo ne. Furoton, wanda LHC ke gwarawa, kamar buhu ne cike da tarkace, in ka gwara biyu sai komai ya tarwatse, kana tsintar abin da kake nema cikin shara. Elektoron kuwa ba shi da ciki, karonsa tsaf yake. Da shi za a auna yadda Higgs ke hulɗa da sauran ƙwayoyi da daidaito da ya fi na yanzu nesa. In awon ya kauce wa lissafi ko da ƙiris ne, an san akwai wani abu a ɓoye, har a iya ƙiyasta inda yake. An taɓa yin haka: awon da injin LEP ya yi, wanda ya zauna a ramin LHC ɗin nan daga 1989 zuwa 2000, ya nuna wajen da nauyin ƙwayar top zai faɗa kafin Fermilab ta gan ta a 1995. Wato ko ba a kama ɓarawo ba za a ga sawunsa.

Malam Isufu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu daga nan Maraɗi, ina koyar da fiziks a lise. Don Allah 'yata Nafisa, wannan muwon da kika ambata, mi ya sa ake zumuɗinsa? Yara sun tambaye ni na ce su ba ni kwana biyu.

Nafisa: Wa alaikumus salam Malam, ina gaisuwa. Matsalar elektoron ita ce rashin nauyi. In ka tilasta masa zagaya zobe da gudu sai ya riƙa zubar da ƙarfinsa ta hanyar haske, kamar mai gudu da tulu a huje. Shi ya sa ake buƙatar zobe ƙato don lanƙwasar ta yi sauƙi. Muwon ɗan'uwan elektoron ne, shi ma ba shi da ciki, amma ya fi shi nauyi sau 207, don haka kusan ba ya zubar da komai. Zobe mai kilomita 10 zai iya kai shi ƙarfin da zai yi gogayya da abin da furoton zai yi a ramin kilomita 91. Zai iya shiga filin Fermilab.

Inda gizo ke saƙa: muwon ba ya daɗewa. Rayuwarsa kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ce. Dole ka ƙirƙire shi, ka tattara shi wuri guda don yana fitowa a warwatse kamar an buɗe wa tumaki garke, ka hanzarta shi, ka gwara, duk kafin ya mutu. Gudun da yake yi kusa da na haske yana tsawaita masa rayuwa sosai, amma ba wanda ya taɓa haɗa duk matakan nan a inji guda. Kuma in yana mutuwa yana fesa tarkace cikin na'urar awo, ga nutirino masu yawa da sai an lissafa inda za su ɓullo a doron ƙasa.

Mu matasa a nan da yawa muna son sa, ba zan ɓoye ba. Dalilin ba na kimiyya kaɗai ba ne. In aka bi hanyar FCC, injin elektoron zai fara wajen tsakiyar shekarun 2040, na furoton wajen 2070. Ni a lokacin na haura saba'in in da rai. Ɗalibin da zai shiga fannin a bana zai yi ritaya bai ga karo ɗaya a sabon matakin ƙarfi ba.

Injiniya Kabiru: Ƙanwata, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Injin da ba a taɓa ginawa ba kullum ya fi wanda aka sani araha da sauri, a takarda. Ramin Turawa aƙalla an san yadda ake haƙa rami.

Nafisa: Gaskiya ne Injiniya, shi ya sa P5 ba su ce a gina ba, cewa suka yi a gwada a gani cikin shekarun nan. Amma shi ma kashi na biyu na FCC yana jiran maganaɗisun da ba a iya ƙerawa da yawa ba tukuna, masu ƙarfin da ya kusa ninka na LHC. Kowa da nasa bashin.

Dakta Halima: Ku ba ni wuri in shigo, na daɗe ina cije baki. Ni aikina fiziks na asibiti, sashen gashin ciwon daji. Injin da muke gasa marasa lafiya da shi jikan waɗannan injinan ne, ƙaramin mai hanzarta elektoron ne. Robert Wilson, wanda ya zama shugaban Fermilab na farko, shi ya rubuta tun 1946 cewa za a iya kashe ƙari da furoton. Wayoyin maganaɗisun da aka koyi sarrafawa da yawa saboda injin Tevatron na Fermilab sun taimaka wa masana'antar injin hoton MRI. Shafukan intanet da muke buɗewa a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarinsu a 1989, aka sake shi kyauta a 1993. Duk na san wannan, ina ma koyar da shi.

Amma akwai lokacin da injinmu ya tsaya wata huɗu saboda wani ƙaramin sashe da ya ƙone. Wata baiwar Allah ta zo daga ƙauye da ɗanta, ta sayar da akuyoyinta, ta shimfiɗa tabarma a barandar sashenmu tana jiran a gyara. Kullum da safe in na zo sai ta ɗago kai ta ce, Likita, ya tashi? In ce mata tukuna, Inna. Ranar da na karanta biliyan 15 ɗin nan fuskarta na gani. Na san ba kuɗinmu ba ne, na san ko an fasa ramin ba za a aiko mana da sisi ba. Zuciya ce dai ba ta jin lissafi.

Dakta Bala: Halima, Allah ya saka miki. Ba ni da amsar da za ta share wannan, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Abu ɗaya zan ce, kuma abokan aikina ba sa son ji: mu daina sayar da wannan bincike da sunan amfanin gefe. In MRI kake so, ka zuba kuɗi a MRI, ya fi sauri. Shi Wilson ɗin da kika ambata, da wani sanata ya tambaye shi a 1969 ko injinsa zai taimaka wa tsaron ƙasa, bai yi kwana-kwana ba, ya ce ba shi da alaƙa da kare ƙasa kai tsaye, sai dai yana cikin abin da ke sa ƙasa ta cancanci a kare ta. Ana gina waɗannan abubuwa ne don a san yadda aka gina duniya. Wanda ya ga hakan ya kai a biya, ya biya. Wanda bai gani ba, a ƙyale shi da ra'ayinsa, ba jahili ba ne. Chen Ning Yang, mai kyautar Nobel ta 1957, a 2016 ya fito fili ya ce bai kamata ƙasar Sin ta gina nata zoben mai kilomita 100 a lokacin ba, akwai buƙatun da suka fi shi. Wang Yifang, shugaban cibiyar da ke son ginawa a lokacin, ya mayar masa da martani a bainar jama'a. Wa zai ce Yang bai san fiziks ba?

Auwal Akanta: Yanzu Dakta ka yi maganar da zan iya sa hannu a kai. To amma in koma kan tambayata ta farko. An jera, an buga rahoto, kowa ya yi tafi. Gwamnati tana bin jerin?

Nafisa: Hmm. Yaya Auwal ka taɓo gyambo. Rahoton 2014 an bi shi sosai, shi ya haifi DUNE. Na 2023 kuwa, abin da suka sa a lamba ɗaya cikin sababbi, CMB-S4, tun 2024 hukumar kimiyya ta ƙasa ta ce ba za a kafa kashin da ke ƙarshen kudancin duniya ba saboda gine-ginen tashar can sun tsufa suna buƙatar gyara. A Yulin 2025 kuma ita da ma'aikatar makamashi suka janye daga aikin gaba ɗaya. Shekara ɗaya da rabi da fitowar rahoto. Ina da ƙawa da ta gina digirinta a kansa, yanzu tana neman inda za ta dafa.

Injiniya Kabiru: Ashe ba mu kaɗai ke rubuta tsarin shekara ashirin mu sa a durowa ba.

Dakta Bala: Kada ka yi saurin jin daɗi, Injiniya. Bambancin shi ne su sun san abin da suka fasa, da ranar da suka fasa, da dalili. Kuma Turai tana da wata dabara da Amurka ba ta da ita: CERN yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe tun 1954, kowace ƙasa tana biyan kasonta duk shekara gwargwadon arzikinta, faran biliyan ɗaya da 'yan kai a jimlace. Majalisar ƙasa ɗaya ba ta isa ta kashe aiki da ƙuri'ar dare ɗaya ba. Shi ya sa suke iya maganar 2070 ba tare da an yi musu dariya ba. Duk da haka Jamus, wadda ta fi kowa biya, ta nuna shakkarta kan kuɗin FCC tun 2024. Japan kuma ta shafe fiye da shekara goma tana riƙe da tayin injin ILC miƙaƙƙe a tsaunukan Kitakami, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wannan rashin amsa ya ci rayuwar aiki ta mutane da yawa, ya fi a'a ciwo.

Ni in da za a tambaye ni, kuma ba wanda zai tambaya, zan ce a gina injin elektoron ɗin, amma a rubuta da jan biro cewa ba zai cinye kuɗin ƙananan gwaje-gwaje ba. Nauyin nutirino, wanda shi ne tsaga mafi girma da aka samu a jikin tsarin da muke da shi, ba a injin karo aka gano shi ba. A tankin ruwa aka gano shi cikin mahaƙa a Japan a 1998, aka tabbatar a wata mahaƙar a Kanada.

Malam Isufu Maraɗi: Dakta, Allah shi ƙara basira. To mu nan fa, muna da ƙofa, ko kallo ne namu?

Dakta Bala: Akwai ƙofa, ƙarama ce amma a buɗe take. Maroko ta shiga gwajin ATLAS na LHC tun 1996, Afirka ta Kudu ma tana ciki. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da ake yi duk shekara biyu, an fara a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi a Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ke aiki a cibiyar Brookhaven ta Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Masana nahiyar ma sun fara rubuta nasu tsarin na dogon zango. Ba rami za mu haƙa ba. Abin da ya dace da mu a jera shi ne horar da yara, intanet mai ƙarfi da wutar da za ta riƙe kwamfuta, da kula da 'yan injinan da muke da su, irin na cibiyar makamashi ta Zariya da na Ile-Ife. CERN tana sakin wani kaso na bayanan karonta kyauta, ɗalibi a Maraɗi zai iya saukewa ya nemo ƙwayar Z da kansa.

Malam Isufu Maraɗi: Wannan na ƙarshen shi nake so. Muna da kwamfuta shida a lakkol, huɗu na tashi.

Nafisa: Malam, huɗu sun isa. Akwai darasin da aka shirya wa 'yan sakandare, hotunan karo na gaske ne yaro zai duba ya ce wannan layin muwon ne, wannan elektoron ne, ya tara su ya ga tudu ya fito a wajen 91 a jadawalin nauyi. Wannan tudun shi ne Z. Zan tura maka ta akwatinka in na koma gida, in fassara maka umarnin. Akwai shi da Faransanci ma ina jin zai fi wa yaranka sauƙi.

Usman ɗan aji uku: Anti Nafisa ni ma a sa da ni don Allah.

Auwal Akanta: Ni dai har yanzu da an kawo mini takardar ramin nan ofis, zan mayar da ita in ce a kawo lissafin kashi na biyu tukuna. Dakta Halima, matar nan mai tabarma, an samu an yi mata gashin?

Dakta Halima: An yi mata, bayan an gyara. Ɗanta ya kawo mini ƙwan zabi guda goma a cikin ƙwarya.